Ƙulun gari a ƙarƙashin faifai: yadda injin niƙa ya rikita wani shagon esfireso

Da Hajiya, mai shagon, ta kira ni a waya, ba ta ambaci injin niƙa ba ko sau ɗaya. Cewa ta yi na'urar esfireso, mai tura ruwan zafi da matsi ta cikin garin gahawa, ita ce ta lalace, famfon da ke tura ruwa ya gaji, in zo in duba ko zai gyaru ko sai an sauya. Mako uku ke nan gahawar shagon ta ƙi daɗi. Wani kofin ya zubo shaa cikin sakan 15, na bayansa ya tsaya yana ɗiga ɗis-ɗis har mai saye ya ƙosa. Masu zuwa kullum sun fara barin rabi a kan tebur. Ta riga ta yi wa mai gasa mata gahawa ƙorafi, ya aiko da sabon buhu, babu abin da ya canja.

Na je da sassafe, kafin su buɗe. Famfon da ake zargi na fara dubawa, domin a fitar da shi daga lissafi. Na cire kwando, wato ɗan ƙoƙon ƙarfe mai ƙananan huji da ake zuba gari a ciki, na sa wani marar huji da ake wanke na'ura da shi, na kunna, allurar matsi ta hau ta tsaya cak a kan ba 9 (ba shi ne ma'aunin matsi), inda ya kamata ta tsaya. Zafin ruwa digiri 93, shi ma daidai. Na sake gwadawa a ɗaya kan na'urar, haka. Na ce, "Hajiya, na'urarki lafiyarta ƙalau." Ta ce, "To Malam, ruwa dai ba ya tsami banza." Na ce gaskiya ne, sai dai mu duba maƙwabcinta.

Injin niƙan irin mai faifai shimfiɗaɗɗe ne, faɗin milimita 64, wanda ke niƙa wa kowane kofi nasa a lokacin da aka buƙata, da agogon da ke tsayar da moto idan sakan ɗin da aka saita sun cika. A cikinsa faifai biyu ne na ƙarfe masu haƙora suna fuskantar juna. Na ƙasa moto ke juya shi, na sama a tsaye yake, zoben saiti ne ke matso da shi ko ya nisanta shi. Ƙwaya tana faɗowa ta tsakiya, manyan haƙora su fasa ta, juyawa ta tura ta waje, ƙananan haƙoran baki su ƙarasa ta. Ratar da ke tsakanin bakunan faifan biyu ita ce ke yanke laushin gari, kuma a aikin esfireso ratar nan ƴar mitsitsiya ce, motsin da bai kai kaurin gashin kai ba yana iya ƙara sakan da dama a kan lokacin zubowa.

Matashin da ke haɗa gahawar ya iso, na roƙe shi ya yi aikinsa yadda ya saba, ni kallo kawai zan yi. Yaro ne mai tsabta da hanzari, hannunsa a kan madanni ba ya karkacewa. Amma sikeli na can saman kanta ya yi ƙura. Ya danna maɓalli, gari ya cika kwando har ya yi tozo, ya share saman da yatsa, ya danna, ya ɗaura. Da kofin ya zubo da sauri, sai ya kai hannu ya murɗa zobe wajen laushi. Ya kunna, sai na ji wata ƴar ƙara siririya, tsit-tsit-tsit, a ƙarƙashin rurin moto.

"Ƙanena, tun yaushe yake wannan kukan?"

"Tun da muka sa sabon faifai, Malam."

A nan na fara jin labarin da ba a ba ni a waya ba. Tsofaffin faifan sun fi shekara suna aiki, shagon kuwa yana cin kusan kilo 3 a rana. Faifan ƙarfe masu wannan girman, a lissafin masu ƙera su, wajen kilo 300 zuwa 500 suke niƙawa kafin kaifinsu ya tafi, to waɗannan sun ninka hakan. Injin ya riƙa jan lokaci, gari yana fitowa da zafi, ɗanɗano ya dushe. Hajiya ta yi abin da ya dace, ta sayo sababbi na asali. Matashin ya ɗaura su da kansa wani dare bayan an tashi. Washegari matsala ta fara, amma da yake faifan sababbi ne fil, babu wanda ya kawo su a ransa.

Abin da sikeli ya nuna

Kafin in kwance komai, na sauko da sikelin, mai auna har kashi ɗaya cikin goma na giram, na danna maɓalli sau goma ina aunawa. Kwandon shagon na giram 18 ne. Mafi ƙanƙanta da ya fito giram 19.6, mafi yawa 22.1. Agogon yana kan sakan 6, saitin da aka yi wa tsofaffin faifan da suka dakushe. Faifai mai kaifi ya fi saurin cin ƙwaya, saboda haka sakan 6 ɗin nan yanzu gari mai yawa suke fitarwa. Garin da ya wuce ƙimar kwando yana dannuwa a jikin rariyar da ruwa ke fitowa, dunƙulen ya tsage tun kafin ruwa ya taɓa shi. Na cire wani dunƙule na nuna musu shatin rariyar da kan sukurunta kwance a samansa.

Wannan ya bayyana rabin matsalar. Bai bayyana kukan ba, bai kuma bayyana ɗanɗanon ba. Na auna giram 18 da hannu, na haɗa kofi, na kurɓa. Tsami a gaban harshe, ɗaci da bauri a baya, duka a kurɓi guda. Idan gari ya yi tsaki da yawa, ruwa yana wucewa da sauri, tsami kake ji. Idan ya yi laushi fiye da kima, ɗaci da bauri. Idan ka ji su tare, to garin ba iri ɗaya ba ne, ko kuma ruwan bai bi cikinsa daidai ba. Na zuba ɗan gari a farar takarda na baje da yatsa. Ga luƙui kamar ƙura, ga kuma manyan ɓarɓashi da ido ke gani a cikinsa.

Na ɗaura mariƙi marar gindi, wanda ake ganin ƙasan kwando ta cikinsa, na ce matashin ya sunkuya ya kalla. Maimakon gahawa ta taru a tsakiya ta sauko igiya guda, sai ta ɓullo ta gefe ɗaya, wani siririn ruwa ya yi tsartuwa ya fantsama a jikin na'ura. Ruwa mai matsin ba 9 ba ya wahalar da kansa, inda ya sami sauƙi nan yake hudawa. Garin da ke bakin wannan hanya yana tatsuwa har ya yi ɗaci, sauran kuwa ruwa bai ratsa shi sosai ba, ya ba da tsami.

Abin da ya sa murɗa zobe wajen laushi bai taimake shi ba ke nan. Wani bincike da masana, ciki har da Christopher Hendon na Jami'ar Oregon a Amurka, suka wallafa a mujallar Matter a 2020 ya nuna cewa ƙara laushi yana ƙara abin da ruwa ke tatsowa ne zuwa wani mataki kawai. Idan aka wuce nan, dunƙulen yana toshewa a wasu wurare, ruwa ya bi ta wasu, abin da ake samu a kofi ya ragu. Matashin yana bin ƙa'idar da aka koya masa, wato idan ya yi sauri a ƙara laushi, kuma ƙa'ida ce mai kyau idan injin lafiya yake. A wannan injin kuwa, duk murɗawar da ya yi, goga ƙarfe da ƙarfe kawai yake ƙarawa.

Cikin injin

Na rufe ƙofar mazubin ƙwaya da ke saman injin, na niƙe ragowar ƙwayar da ke ciki, na kashe, na zare filogi daga bango. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne, domin yatsa zai shiga inda haƙora suke. Na ɗaga mazubin, na kwance zoben saiti. A injuna da yawa zaren wannan zobe na hagu ne, ɓangaren da ka saba ɗaurewa nan ne kwancewa, kuma wanda bai sani ba yakan matse faifan ya zaci tsatsa ce ta riƙe. Na ɗago mazaunin faifan sama, na tsince sifirin guda uku da ke ƙarƙashinsa na ajiye a kofi don kada su ɓace.

Ban taɓa sukurun ba tukuna, saboda ina so su gani da idonsu. Na share faifan da buroshi, na ɗauki makar farin allo na shafe gefen bakin kowanne, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ke can ƙarshen haƙora, zagaye guda. Na mayar da komai, na matso da faifan a hankali har suka ɗan taɓa juna, na juya na ƙasa da hannu sau biyu, na sake buɗewa. Tawadar faifan ƙasa ta goge ko'ina. Ta faifan sama kuwa ta goge a gefe ɗaya kawai, abin da bai fi kashi ɗaya cikin uku na zagayen ba, sauran baƙi ƙirin kamar ba a taɓa ba.

Karatun wannan gwaji yana da sauƙi idan ka tuna wanne ke juyawa. Faifan ƙasa yana zagayawa, kowane sashe nasa sai ya bi ta wurin da na sama ya fi saukowa, shi ya sa nasa ya goge duka. Na sama ba ya motsi, inda ya sauko ne kaɗai ya taɓu. Ashe a karkace yake zaune. A gefe ɗaya faifan suna gogar juna, kukan da muke ji ke nan, a ɗaya gefen kuwa ƙofa a buɗe take, tsaki yana ficewa abinsa.

Kawunan sukuru uku ɗin cike suke da gari da ya daskare. Na sa allura na sakace su sarai kafin in kai sukundireba, don idan bakinta bai zauna ba kan sukurun zai cinye, ƙaramin aiki ya zama babba. Da na sa hannu sai na ji ɗaya a ɗaure tamau, biyu kuwa da ɗan sauƙi. Na ɗaga faifan. A kan mazauninsa, kusa da ramin sukuru guda, ga wani ƙulun tsohon gari da mai ya haɗe shi ya yi baƙi ya bushe, faɗinsa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, matsi ya lallatsa shi ya zama kamar ɓawo. A kansa sabon faifan ya zauna mako uku.

Matashin ya yi shiru yana kallonsa. Can ya ce, "Malam, wallahi na share." Na ce, "Na yarda ka share, ƙanena. Buroshi ba ya ɗaga irin wannan, sai an kankare." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Babu wanda ya taɓa nuna masa cewa wurin da ba a gani, bayan faifai da mazauninsa, ya fi fuskar haƙoran buƙatar tsabta a ranar ɗauri. Mutum ne da ya tsaya bayan tashi don ya rage wa shago kashe kuɗi, irinsa ake so a koya wa aikin sosai.

Na ba shi tsinken katako ya kankare mazaunin da kansa, ba da ƙarfe ba, don kada ya yi masa rauni. Muka goge da busasshen ƙyalle har ƙarfen ya yi ƙyalli, muka zuƙe ƙurar da inji. Faifan ba a wanke shi da ruwa, tsatsa yake yi. Na duba haƙoran: gogayyar ta bar ɗan sheƙi a bakin gefe ɗaya, amma da na ja bayan farcena a kan kaifin sai ya karto, alamar da sauran aiki a jikinsu. Muka cire na ƙasa ma muka share mazauninsa. Wajen ɗauri na nuna masa a sa sukuru ukun duka su zauna sako-sako, a daidaita faifan a tsakiya, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana ƙara kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, har su yi ƙarfi tare. Idan ka ƙure ɗaya tun farko, ya riga ya ja faifan gefensa.

Gwajin maka na biyu ya goge kusan ko'ina, sai ɗan wuri kaɗan. Akwai masu sa ƴan yankan takardar alminiyam a ƙarƙashin faifai don cike irin wannan, kaurinta wajen milimita 0.016 ne, kuma dabarar tana aiki. Ni dai ban sa ba. Na sha buɗe injin da aka cusa wa takarda ninki huɗu alhali datti ne kawai a mazauni. A share tukuna, a ɗaure daidai, a gwada, sannan a san ko akwai sauran abin cikewa.

Zaren zoben saiti ma ya cika da gari, shi ya sa yake da tauri yana tafiya da fizga. Muka share shi da buroshi, muka shafa ɗan giris irin wanda aka amince da shi a injunan abinci, shafa ɗaya siririya. Maƙogwaron da gari ke fitowa ya toshe kusan rabi, ƴar wayar da ke fasa gudaji a bakinsa ta lulluɓe da maiƙo. Wannan toshewar ce ta sa awo ke hawa da sauka: wani lokaci gari ya maƙale, wani lokaci ya ɓalle ya faɗo gaba ɗaya.

Saiti daga farko

Da injin babu ƙwaya, na kunna moto na riƙa matso da zobe sannu a hankali har na ji tsit na farko, na koma baya nan take. Nan ne sifilin injin, muka yi masa alama. Yanzu sifilin ya yi nisa da inda esfireso ke fitowa, a da kuwa a kansa suke aiki. Sababbin faifai sukan so a niƙa kilo kaɗan kafin su daidaita, amma waɗannan sun riga sun ci rabonsu a mako ukun.

Muka cika mazubi, muka ajiye agogo gefe, muka koma sikeli. Giram 18 a kwando, ana neman giram 36 a kofi cikin sakan 25 zuwa 30. Na farko ya zo a sakan 19. Na ce ya ƙara laushi, amma moto yana juyawa. Ya tambayi dalili, na ce akwai gutsattsarin ƙwaya tsakanin faifan, idan ka matse su a tsaye moto zai tashi da kaya a wuya, ko ya kasa tashi. Bayan kowace murɗawa kuma a zubar da giram kaɗan, domin garin da ke maƙogwaro na tsohon saiti ne. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa: su murɗa, su gwada da tsohon gari, su ga babu canji, su ƙara murɗawa, sai kofi na uku ya toshe. Na biyu sakan 24. Na uku 28, ya sauko igiya guda a tsakiya, launinsa na juyawa a hankali. Hajiya ta kurɓa, ta ajiye, ta sake ɗauka ta shanye.

Sai a lokacin muka taɓa agogo, domin laushi ne ke yanke saurin niƙa, idan ka saita lokaci kafin laushi aikin banza ka yi. Ya tsaya a sakan 5.2. Awo goma suka fito tsakanin giram 17.8 da 18.3.

Na zauna har bayan azahar don in ga injin da zafinsa. Da layi ya yi tsawo, lokacin zubowa ya sauka zuwa sakan 24. Wannan ba lalacewa ba ce, haka injin niƙa yake idan ya ɗumama. Wani bincike da ya fito a mujallar Scientific Reports a 2016 ya nuna cewa ƙwaya mai sanyi tana farfashewa ƙanana kuma kusan girma ɗaya fiye da mai ɗumi, kuma saboda irin wannan sauyi ne aka ƙera injuna kamar Mythos One da abin daidaita zafin ɗakin niƙa. Wanda injinsa ba shi da wannan, maganinsa ɗan matsa zobe kaɗan da rana, a sake auna giram, a mayar da safe. Haka ranar da iska ta sauya laima, haka idan an buɗe buhun da kwanakin gashinsa suka bambanta da na jiya, domin sabuwar gasa tana cike da iskar da take fitarwa a hankali. Na kuma ce kada su bar mazubi ya kusa ƙarewa, saboda nauyin ƙwayar sama ne ke tura ta ƙasa, idan ya ragu awo ya canja.

Abin da muka tsayar na kula ba shi da yawa. Kullum da tashi a rufe mazubi, a kwashe ƙwaya a rufe ta a wani abin ajiya da iska ba ta shiga, a share maƙogwaro da buroshi. Duk mako a wanke mazubin da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a bari ya bushe ƙayau, a kuma niƙa ƙwayoyin wanke inji irin su Grindz, a bi su da ɗan gahawa a zubar. Wani ya taɓa ba matashin shawarar ɗanyar shinkafa, na ce ya bar ta, ta fi ƙwayar gasasshiyar gahawa tauri, tana wahalar da moto, tana kuma barin ƙullu a ciki. Duk wata a buɗe a share ɗakin niƙa ba tare da an kwance sukurun faifai ba. Sai littafi a gefen injin: kwanan wata, buhun da aka buɗe, lambar zobe, giram, sakan, da jimillar kilon da faifan suka ci.

Bayan wata biyu wayata ta yi ƙara da safe. Matashin ne, muryarsa a sama. "Malam, injin yana gurnani amma ba ya juyawa." Na ce ya kashe yanzu, kada koyil ya ƙone. Irin wannan gurnani abu uku yakan nuna: faifai sun cije, ko tsakuwa ta biyo ƙwaya ta maƙale, ko kafasitar da ke tayar da moto ta mutu. Na tambaya ko wani ya taɓa zobe. Ya yi jim, ya ce sabon yaron da aka ɗauka ya murɗa jiya da dare bayan an kashe. Na ce ya rufe mazubi, ya buɗe zobe sosai wajen tsaki, ya kunna. Ta cikin wayar na ji moto ya ɗauka.

"Lamba nawa kuke jiya?"

Na ji yana buɗe littafi. Ya faɗi lambar, ya ce giram 18.1, sakan 27, faifan kuma sun kai kilo 240.

"To mayar da shi can, moto na juyawa. Ka zubar da na farko. Idan yaron ya zo, ka nuna masa da hannunka."